Bulon da Na Kayar a Gaban Mutum Bakwai

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Usmanu makwancinsa a Argungu. Mani Mai Bulo ake ce masa, in ka ce Usmanu ko matarsa sai ta tsaya tunani. Ɗan kawuna ne, ni kuwa ɗan goggonsa, wato taubasai muke, irin waɗanda in sun haɗu wurin suna sai tsofaffi sun raba su, don dariya na hana mutane cin abinci. Duk shekara in lokacin nan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki biro in ajiye. Abin faɗi kam akwai shi. Abin da ke riƙe mini hannu shi ne, duk wanda zai ba da labarin Mani tsakani da Allah dole ya ambaci wanda ya ɓata masa suna, kuma ni ne mutumin.

Kwanan baya ina zaune a ƙofar gida da hantsi, rediyo na gefena, sai na ji an gayyato wani masani yana bayani a kan tsadar siminti. Ya ce wai masu bincike sun gano cewa sharar da masana'antu ke zubarwa, irin su toka da garin dutse da abin da ke saura in an narka ƙarfe, ana iya niƙa ta a haɗa da siminti, a rage tsada, ginin kuma ya yi ƙarko. Mai gabatar da shirin sai salati yake yi, yana cewa ilimi kogi ne. Ni kuwa na kashe rediyon na ja tsaki. Wai sun gano! Haba jama'a. Mutumin da ko aji ɗaya na boko bai shiga ba ya yi wannan aikin a bayan zana, a bakin hanyar Ambursa, tun jihar nan tamu ta Kebbi tana rarrafe, kuma ladan da ya samu shi ne aka kira shi ɗan algus.

Ga yadda abin ya samo asali. Tun muna ƙarƙashin Sakkwato, Mani magini ne a Argungu. A bayan tasha akwai rumfar wasu masu walda, daga waɗanda ke zuba kabaid cikin ruwa su samu iskar da suke hura wuta da ita. In kabaid ɗin ya gama aiki sai ya bar wata farar laka mai wari, su kwashe su watsar bayan rumfa. Daura da su kuma akwai injin shinkafa, inda ake tara ɓuntu tuli guda a cinna masa wuta, ya yi kwana da kwanaki yana ci a hankali har ya zama toka. Shara biyu ke nan, kowa na toshe hanci in zai wuce. Wata shekara bayan damina aka kira Mani ya haƙa harsashin shago a wurin. Daidai inda ruwan sama ya gauraya lakar nan da tokar nan, digarsa ta ƙi shiga. Da wani magini ne, da ya zagi wurin ya kauce. Shi kuwa ya tsuguna, ya ɓantari abin, ya sa a aljihu ya tafi da shi gida.

Ya fi shekara biyu yana wasa da abin nan. Sai daga baya, bayan komai ya lalace, na san yadda yake yi dalla-dalla, kuma daga bakin matarsa Kulu na ji. Lakar kabaid zai shanya ta ta bushe ƙayau, a daka, a tankaɗe. Toka kuwa ba kowace yake ɗiba ba, sai ta tsakiyar tulin, wadda ta ƙone sosai ta yi fari-fari, ita ma a tankaɗe ta da rariya har ta yi laushin garin tuwo. Cikin kwano biyar na siminti sai ya cire ɗaya ya mayar da wannan haɗin. Amma asirin aikin duka yana wurin ban ruwa. Bulon siminti zalla, in ka ba shi ruwa kwana uku ko huɗu, ya kama jikinsa, ana iya lodawa. Na Mani kuwa a kwana huɗu ɗanye ne shakaf. Sai an lulluɓe shi da tsofaffin buhuna ana jiƙa shi safe da yamma wata guda cur, wani lokacin har da ɗori, sannan yake yin ƙarfi. In ya yi kuwa, to ya yi.

Ana nan sai aka ba mu jiha. Wanda bai ga Birnin Kebbi a shekarun nan na farko ba ba zai gane irin hayaniyar da aka yi ba. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da iyalansu da katifunsu, babu gidajen da za su ɗauke su. Mai kango ya zama mai gida, mai gona a bakin gari ya wayi gari attajiri. Kowa gini yake, siminti kuwa ya yi wuyar gani, in ka samu yau gobe babu. Ni malamin firamare ne, aka yi mini canji zuwa Birnin Kebbi. Mani ma ya tattara ƙarfen bulonsa da sheburansa ya biyo baya, ya samu fili mai rijiya a bakin hanyar Ambursa ya kafa wurin buga bulo. Nasa ya fi na kowa sauƙi, kuma ko ranar da siminti ya yanke a gari shi bai cika tsayawa ba. Nan mutane suka fara kallon juna.

Ni kuwa dama, in faɗi gaskiya, mutum ne mai zargi. Haka Allah ya yi ni, kuma ban ce hali ne mai kyau ba. In na sayi buhun albasa sai na zazzage shi ƙasa na ga na gindi. In aka ce mini abu ya yi araha, tambayata ta farko ita ce mene ne aibinsa. To kullum in na taso daga makaranta a kan kekena ta gaban wurin Mani nake bi. Ina ganin ana sauke buhuna daga motar Argungu, ba buhunan siminti ba, ana shigar da su bayan wata zana da ya kewaye. Ina jin warin kabaid. Ina ganin layukan bulo biyu, ɗaya a fili rana na duka, ɗaya a lulluɓe kamar gawa. Na ce a raina, me ake ɓoyewa? Shi ma dai marigayin, Allah ya jiƙansa, da nasa laifin. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Tsoro yake kada sauran masu bulo su gane haɗin su kwaikwaya, don haka ko leburorinsa ba sa shiga bayan zanar nan, shi kaɗai ke auna abinsa.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ka tambaye shi? Na tambaye shi mana, sau ba adadi, amma irin tambayar taubasai. Sai in tsaya da keke in ɗaga murya.

"Kai bawana, mi kaka dahwawa bayan zana?"

Shi kuma ya leƙo, fuska duk farin gari, ya ce, "Abin da yaf fi ƙarhin kan ticha. Wuce ka tai ka koya ma ɗiyan mutane baƙi, ɗan goggo."

Mu yi dariya in wuce. Shi ke nan. Tun muna yara ba mu taɓa yin wata magana ba wasa a cikinta ba. Ko gaisuwar mutuwa ce sai ɗayanmu ya sako zolaya. Ban san ta ƙofar da zan shiga in ce masa, Mani, tsakaninka da Allah, me kake zubawa cikin simintin mutane ba. Da na yi haka da ya ɗauka wani sabon salon tsiya ne. Sai zargin ya yi ta girma a cikina, ni kuma ina lulluɓe shi da dariya.

A unguwar da na samu haya ana shirin faɗaɗa masallaci. Wani bawan Allah mai fataucin albasa, Alhaji Sule mutumin Augie, ya ɗauki nauyin bulon duka. Aka kafa 'yan kwamiti, aka sa ni ciki don ni ke iya rubutu. Da aka zo maganar inda za a sayi bulo, wasu suka ce na Mani, wasu suka ce sun ji ƙishin-ƙishin. Alhaji Sule ya ce gani ya kori ji, a je a duba. Wata Asabar da safe muka tafi, mu takwas har da ni, da liman da ladan da sauran dattawa. Al'adar sayen bulo a garin nan sananniya ce, har gobe haka ake yi: mai saye ya zaɓi ɗaya da hannunsa, ya ɗaga shi daidai ƙirji, ya sake shi ƙasa. In ya tsaya ko ya ɗan ɓantare a gefe, bulo ne. In ya watse, a kama gaba.

Mani ya tarbe mu da murna, ya nuna layin da ke fili ya ce ga waɗanda suka nuna, kowa ya zaɓi wanda ya ga dama. Sannan ya juya ya tafi ɗauko wa liman benci. A ɗan tsakanin nan ne Shaiɗan ya hau kaina. Na ce da mutanen nan, ina dariya, "Ku bar na gaba, na ado ne. Ni na san halin bawana. Ku zo in nuna muku inda yake ɓoye gaskiyarsa." Na nufi layin da ke lulluɓe, na yaye buhu, na sunkuci bulo ɗaya. Tun a hannu na ji shi da sanyi da nauyin ruwa, kuma wallahi a lokacin zuciyata ta ce mini ajiye. Ban ajiye ba. Na ɗaga shi daidai ƙirji na saki.

Bai ma yi ƙara ba. Ya dai zube, ya wargaje kamar dunƙulen fura. Cikinsa ya fito da duhu-duhu, ba kalar siminti ba, warin kabaid ya tashi. Dariyar da nake yi ta yanke, don na duba na ga ni kaɗai ke yin ta. Alhaji Sule ya tsuguna ya ɗebi garin ya murza a yatsunsa, ya kai hanci, ya yi salati. Liman ya jawo hadisin nan da kowa ya sani a kan mai algus, a hankali, kamar mai yi wa kansa magana. Sai ga Mani da benci a kafaɗa. Ya dubi ƙasa, ya dubi buhun da na yaye, ya dube ni.

"Ɗan goggo," in ji shi, "jinjiri kak kayas. Kwana nai huɗu."

Ya ajiye bencin ya ruga layin gaba, ya ɗauko ɗaya ya maka da ƙasa, bai fashe ba. Ya ɗauko na biyu ya ɗaga sama da kansa ya saki, shi ma ya tsaya. Yana yi yana bayani, yana faɗin toka, yana faɗin laka, yana faɗin wata guda na ban ruwa, asirin da ya shekara yana ɓoyo ya zazzage shi duka a tsaye cikin rana. Amma wa ke saurare? Da ya ambaci toka da bakinsa sai ya zama kamar ya amsa laifi. Wani dattijo ya ce ai dama na gaba na nuna wa baƙi ne, malam ya faɗa. Alhaji Sule ya kaɗe hannunsa ya ce ɗakin Allah ba a gina shi da shara. Suka juya.

A nan ne nake da damar gyara abin da na ɓata, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, fiye da kayar da bulon. Da na ce, jama'a ku tsaya, wasan taubasai ne, ku ba shi wata guda mu dawo mu kayar da 'yan'uwan wannan da na fasa, da sun tsaya, don ni suka yarda da ni. Ban ce ba. Na yi shiru ne saboda a ƙasan raina ni ma na yarda algus ɗin ne, har ma ina jin wani ɗan daɗi cewa hancina bai yi mini ƙarya ba. Na bi bayansu ina jan kekena. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa, kuma ba a ce wani malamin makaranta ya fasa bulo ba. Cewa aka yi ɗan'uwansa na jini, wanda ya san cikinsa, shi ya tona shi. Magana zarar bunu ce. Wasan da in da a zauren gidanmu na yi shi ba wanda zai ɗaga kai, a gaban baƙi ya zama shaida.

Wurin Mani bai shekara ba bayan wannan. Waɗanda suka yi oda suka janye. Wani da ya riga ya yi katanga da bulonsa ya zo yana rantsuwa sai an rushe, alhali ko tsaga babu a jikinta. Sauran masu bulo, waɗanda da yawansu yashi ne zalla suke shafa wa siminti a baki, su suka fi kowa ɗaga murya. Ya sayar da ƙarfen bulonsa ya koma Argungu, yana 'yan gyare-gyaren gini, damina kuma ya shiga fadama noman shinkafa. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Abin da ya yi kawai, daga ranar nan bai ƙara ce mini ɗan goggo ba. In mun haɗu wurin biki ko gaisuwa sai ya miƙo hannu biyu ya ce, "Malam, an zo lahiya?" Kamar wani baƙo daga ofis. Na taɓa gwada tsokanarsa sau ɗaya a gaban mutane, na ce bawana ya tsufa. Ya yi murmushi ya ce Allah ya sa mu gama lafiya. Ban sake ba.

Bulon da ya rage masa ya kwaso su zuwa Argungu, ya gina wa Kulu ɗakin da take turara shinkafa a gefen gida, can wajen gangaren fadama. Shekarar da ruwa ya yi yawa gulbi ya shigo unguwar, ɗakin ya yi kwana da kwanaki ruwa har gwiwa. Katangu da dama na siminti suka jiƙe suka zube, nasa ya tsaya. Kuna tsammanin wannan ya wanke shi? Ina! Cewa aka yi ai na gidansa ne, dole ya cika masa siminti. Kuma don kada in yi wa kaina ƙarya a gaban masu karatu, ni ma da na je jaje na tsaya a jikin bangon nan ina ƙwanƙwasa shi da makullin keke, tunanin da ya fara zo mini ke nan. Sai da na ga wani wuri da ya ɓantare, na ga cikinsa da duhun nan, irin na wanda na kayar sak. Na tsaya a wurin na daɗe. Mani na daga ƙofa yana kallona. Na sha ruwa na yi sallama na hau mota.

Bayan haka da shekara biyu ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Wasu suka ce ƙurar abin da ya yi ta tankaɗewa ce, wasu suka ce baƙin ciki. Ni ban sani ba, kuma ina zargin masu cewa ƙura ce suna faɗa ne don su sauƙaƙa mini. Na je dubiya sau uku. Duk zuwan da zan yi sai na shirya magana tun daga tashar Birnin Kebbi, in na shiga na tarar da mutane a ɗakin sai in ce bari sai an watse. Ba a taɓa watsewa ba. Zuwa na huɗu wanka na tarar ana yi masa.

Yanzu in na zaga garin nan nakan tambayi kaina, da Mani zai leƙo me zai ce? Hanyar Ambursa da ya sani daji ce, yau gidaje ne har ido ya gaji, ga babura kamar fari. Wuraren buga bulo kuwa ba su ƙirguwa. Kuma tun da maganar nan ta fara fita a rediyo, wasu daga cikinsu sun samu sabon baki. Ka je ka ga bulo yana zubar da gari in ka shafa, ka yi magana, a ce maka ai haɗin zamani ne, masana sun halatta. Na tsaya wurin wani na ce, to kwana nawa kake ba shi ruwa? Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan kakar kakarsa. Jiya aka buga, yau ana lodi. Ina jin da Mani na nan ba murna zai yi ba cewa an gane gaskiyarsa. Haushi zai ji, don shi abin da ya rage na siminti ya biya shi da wahalar jan guga safe da yamma wata guda. Waɗannan kuwa sun ɗauki ragin sun bar wahalar. Shi masanin na rediyo ban ce ƙarya yake ba, amma ban ji ya ambaci ban ruwa ko sau ɗaya ba, kuma ina tantama ko ya taɓa ɗaga bulo da hannunsa.

Kafin in zauna rubutun nan na ga ya kamata in nemi izinin Kulu. Na same ta a Argungu tana shanyar shinkafa, ta manyanta, amma bakinta na nan yadda na san shi. Na gaya mata niyyata, cewa zan rubuta a jarida duniya ta ji mijinta ba ɗan algus ba ne. Ta ci gaba da baza shinkafarta da ƙafa.

"Rubuta, Malam," ta ce. "Amma shi bai iya karatun boko ba, kuma waɗanda kac ce ma shi ɓarawo na gabansu ba jarida suka karantawa ba. Da baki kab ɓata shi. In gyara kaka so, ka san inda masallacin yake."

Kai, maganar nan ta dake ni. Na so in ce ai ban ce ɓarawo ba, wasa na yi. Na haɗiye, don na gaji da jin wannan uzurin ko daga bakina.

Ranar Laraba da ta wuce na je masallacin na yi sallar la'asar. Na daɗe da barin unguwar. Alhaji Sule ya rasu, liman na wancan lokacin ya rasu, cikin mutum bakwai ɗin nan ladan kaɗai na hango, ya tsufa tukuf yana jingine da ginshiƙi. Da aka sallame na miƙe na roƙi jama'a su ba ni minti biyu. Na faɗi sunana da na Mani. Na ce shekarun baya na kayar da ɗanyen bulonsa a gaban dattawan masallacin nan, na bari aka tafi da shi a matsayin mai ha'inci, alhali aikinsa mai kyau ne, na gani da idona daga baya na kuma yi shiru har ya mutu. Na ce ina shaida wa Allah da su cewa ni ne mai laifi.

Yawancinsu samari ne da baƙin ma'aikata, ba su san wani Mani ba. Wasu na neman takalmansu tun ban gama ba. Wani ya raɗa wa na kusa da shi, na ji sarai, cewa bari ka ji, yanzu zai ce a taimaka. Na ƙarasa wurin ladan na durƙusa na gaishe shi, ina sa ran ko shi zai ce ya tuna. Ya tuna kuwa. Ya ƙura mini ido, sannan ya ce:

"Na gane ka, Malam. To amma mi yas sa sai yanzu? Hala kansila kaka nema?"

Na rantse masa ba abin da nake nema. Ya gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba amma ba ya son musu, ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya ci gaba da jan carbinsa.

Ban ji haushinsa ba. Da ni ne a wurinsa abin da zan tambaya ke nan. Na fito na zauna a dakalin masallacin ina ɗaura takalmi, ina jin wani irin ɗaci da ban taɓa ji ba: ka faɗi gaskiya tsirararta, da iya ƙarfinka, a dube ka a ce me kake ɓoyewa. Ni na ɗanɗana shi na yini ɗaya, kuma har yanzu bai sake ni ba. Mani ya sha shi shekara shida, safe da yamma, bai kuwa yi wa kowa komai ba.

In an tambaye ni me ya rage na Mani Mai Bulo, ba zan yi ƙarya in ce sunansa ya dawo ba. Bai dawo ba, ihu bayan hari na yi. Haɗinsa ma ya tafi da shi, Kulu ta san kwano biyar da ɗaya, amma hannun da ke gane tokar da ta nuna yana cikin ƙasa. Abin da ya rage shi ne ɗaki ɗaya a gangaren fadama, da mace ɗaya da ba ta taɓa shakkarsa ba ko na yini guda, da ni. Allah ya jiƙan Usmanu ɗan kawuna, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi ladan kowane guga da ya ja. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa ranar da za mu haɗu ya yarda ya ji ni, don wannan karon ba da wasa zan zo masa ba.